An ce Amurka ta soke haraji a kan obataim, ta ɗora shi a kan kuɗin da muke turawa gida: ina gaskiyar take?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Bronx, birnin New York, ina aikin gadi, ana biyana dala 20 a awa, kuma kusan kowane mako nakan ƙara awa goma a kan arba'in ɗin da aka yanka mini. Asabar da Lahadi nakan taɓa tuƙin Uber. Iyalina tana aikin kula da tsofaffi a gidajensu, tana samun wajen dala 24,000 a shekara. Mu duka muna da girin kad, wato takardar izinin zama na dindindin. Yara biyu suna tare da mu, babban yana Kano wajen mahaifiyata. A masallaci na ji ana cewa Trump ya soke haraji a kan obataim da tukuici, wasu kuma suna cewa yanzu duk kuɗin da ka tura gida sai an yanke haraji. Wanne ne gaskiya, kuma me ya kamata in yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara buɗi, ya raya zuri'a. Maganganun biyu da ka ji duk suna da tushe, sai dai kafin su iso ƙofar masallaci kowacce ta yi ƙiba a hanya. Na daɗe ina cike wa mutanenmu takardun haraji a ƙasar nan, kuma ban taɓa ganin dokar da ta sa mutane suka shigo mini da fara'a suka fita da tagumi kamar wannan ba. Ba wai ta cuce su ba ne. Sun zo da lissafin da suka ɗora a kan taken kamfe, ni kuma na ɗora musu shi a kan abin da aka rubuta.

Asalin maganar tun Disambar 2017 ne, a zangon Trump na farko, lokacin da ya sa hannu a kan wata babbar dokar rage haraji. Ta sauko da harajin kamfanoni daga kashi 35 cikin ɗari zuwa 21, kuma wannan ba a yanka masa wa'adi ba. Ta rage na ɗaiɗaikun mutane ma, mafi tsada ya sauko daga 39.6 zuwa 37, amma shi an ce ƙarshen 2025 zai ƙare. Da majalisa ta naɗe hannu, da ranar 1 ga Janairun 2026 harajin yawancin ma'aikata ya tashi da kansa ba tare da kowa ya kaɗa ƙuri'a ba. Gudun haka ne ya haifi dokar da ake ta zancenta, wadda Trump ya sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025. Da ƙyar ta tsallake. A majalisar dattawa an yi kunnen doki, 50 da 50, sai da mataimakin shugaban ƙasa JD Vance ya raba gardama, a majalisar wakilai kuma 218 da 214. Mafi yawan abin da ke cikinta tsawaita na 2017 ne, shi ya sa da yawa ba su ga wani bambanci a albashinsu ba: abin da aka yi musu kawai an hana harajin tashi. Obataim da tukuici an liƙa su ne a gefe don cika alkawarin kamfe. Na tukuicin ma a Las Vegas ya yi shi a Yunin 2024, garin da otal-otal suka cika da ma'aikatan da tukuici ke riƙe da gidajensu, a jihar Nevada da kowane ɗan takara ke zawarci. Ba a jima ba Kamala Harris ma ta ɗauki alkawarin.

Kafin mu shiga aljihunka, akwai kalmomi biyu da za ka ji a bakin duk mai cike takarda, kuma rashin bambance su ne ke jawo rabin rikicin. Ta farko didakshan, wato wani yanki na kuɗin da ka samu wanda gwamnati ta yarda ta kau da kai daga gare shi kafin ta fara lissafi. Ta biyu kiredit, wato ragi daga harajin kansa bayan an gama lissafi. Didakshan na dala 1,000 ga mai biyan kashi 12 dala 120 ce a aljihu. Kiredit na dala 1,000 kuwa dala 1,000 ce cur. Abin da aka yi wa obataim da tukuici didakshan ne, ba sokewa ba, ba kuma kiredit ba.

Shi harajin tarayya matakala ce mai hawa bakwai: kashi 10, 12, 22, 24, 32, 35 da 37. Kowane hawa kuɗin da ya faɗo cikinsa kawai yake ci. Ina nanata wannan ne saboda na sha ganin mutum ya ƙi karɓar ƙarin aiki wai kada ya haye mataki na gaba a cinye masa albashi duka. Ba haka abin yake ba. In ka tsallaka da dala ɗari, wannan ɗarin ce kaɗai za ta sha sabon kaso, sauran suna nan yadda suke.

To ga naka lissafin, da alƙaluman shekarar 2025, mu ajiye Uber a gefe tukuna. Awa arba'in a mako a kan dala 20 ya kama 41,600 a shekara. Obataim a nan ninki ɗaya da rabi ne, wato dala 30 a awa. In ka yi awa goma har mako hamsin, awa 500 ke nan, dala 15,000. Nan ne mutane ke yin tuntuɓe, suna zaton duk 15,000 ɗin an yafe. Dokar ba ta ce haka ba. Rabin nan da aka ɗora a sama shi kaɗai ta ware: cikin dala 30, ashirin albashinka ne na kullum, ana cin harajinsa yadda aka saba, goma ɗin ita ce ta samu sassauci. Goma sau 500, dala 5,000. Kai da iyalinka kun haɗa 80,600. A cire 31,500, wanda shi ne didakshan na bai ɗaya da ake ba ma'aurata masu cike takarda tare, saura 49,100. A cire 5,000 na obataim, saura 44,100. Dala 23,850 na farko kashi 10 ne, sauran kashi 12, harajin ya kama 4,815. Ba don sassaucin obataim ɗin ba da 5,415 ne. Ribarka dala 600 ke nan a shekara.

Dala 600 ba abin rainawa ba ne, ta yi cefanen azumi har da kayan sallar yara. Amma ka ga tazarar da ke tsakaninta da "an soke haraji". Kuma harajin fansho da na lafiyar tsofaffi, kashi 7.65 ɗin nan da ake zare maka a kowane albashi, bai san da zaman wannan doka ba: a kan obataim ɗinka kaɗai zai ci sama da dala 1,100. Harajin jiha da na birnin New York su ma lissafinsu daban, dokar Washington ba ta ɗaure su ba.

Akwai sharuɗɗa. Iyakar abin da za a cire 12,500 ne ga mutum ɗaya, 25,000 ga ma'aurata, kuma yana fara zaizayewa in kuɗin shiga ya haura 150,000, ko 300,000 ga ma'aurata. Obataim ɗin dole ya zama wanda dokar ƙwadago ta tarayya ta 1938 ta wajabta, wato abin da ya haura awa arba'in a mako. In kamfani ya ninka maka kuɗi don ka yi aiki ranar hutu alhali ba ka cika arba'in a makon ba, wannan karamcin kamfani ne, ba ya shiga. Dole kana da lambar soshal, wato Social Security, mai izinin aiki. Sannan in kana da aure, dole ku cike takarda ɗaya da matarka.

Wannan sharaɗi na ƙarshe bai taɓa ka ba, amma bari in tsaya a kansa saboda 'yan'uwa masu karantawa, domin ya shafi mutanenmu fiye da yadda masu rubuta dokar suka taɓa tunani. Mu nawa ne muke nan alhali iyali suna Kano, ko Maradi, ko Kumasi? A idon dokar Amurka kai mai aure ne ko da matar ba ta taɓa taka ƙasar ba, kuma rubuta "gwauro" a takarda ƙarya ce da kan dawo ta ci mutum ranar da ya zo neman a kawo masa iyali. Wanda ke cikin wannan hali, in yana son sassaucin obataim, hanyar da aka saba bi ita ce ya zaɓi a ɗauki matar a matsayin mazauniya ta fuskar haraji, a nema mata lambar ITIN, wato lambar biyan haraji ta wanda ba shi da soshal, su cike tare. Yakan yi riba sosai, tunda didakshan na bai ɗaya yana ninkawa daga 15,750 zuwa 31,500. Amma kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski: daga ranar, duk abin da take samu a gida, albashin koyarwa ne ko ribar shago, sai an bayyana shi.

Wani abin lura: takardar W-2, wadda kamfani ke ba ma'aikaci ta jimlar albashinsa na shekara, ta 2025 ba a yi mata gurbin ware obataim ba, saboda dokar ta zo a tsakiyar shekara. Wasu kamfanoni sun rubuta adadin a gefe, wasu ba su yi ba. Ka adana takardar albashinka ta ƙarshen Disamba, wadda ke nuna jimlar shekara. In jimlar obataim aka rubuta a dunƙule, ka raba ta uku, kashi ɗaya shi ne naka. Ana shigar da shi a sabon shafi mai suna Schedule 1-A da ake haɗawa da babbar takardar haraji ta 1040.

Tukuici kuma iyakarsa 25,000, kuma direban tasi da na Uber da mai kai saƙon abinci suna cikin jerin sana'o'in da ma'aikatar kuɗi ta amince da su. Sai ya zama fasinja ne ya bayar don ransa, ba cajin da aka tilasta masa ba, kuma sai ka bayyana shi. In ka tara 1,500 a shekara, ribarka dala 180. Abin da ya fi wannan girma a harkar Uber, wanda ba a faɗa a masallaci, shi ne a can kai ba ma'aikacin kowa ba ne, kai ne mai gida kai ne yaro. Ba wanda ke zare maka komai a hanya, kuma harajin fansho ɓangare biyu duk a kanka yake, kashi 15.3 na ribar da ta rage, da zarar ta kai dala 400. Garkuwarka ita ce littafin tafiya: a 2025 kowane mil da ka yi don aiki ana cire maka santi 70. Mil 8,000 dala 5,600 ke nan da ba za a ƙirga ba, ya fi duk sassaucin tukuicinka nesa ba kusa ba, amma sai da rubutu na kwanan wata da nisa. Sabuwar dokar ta mayar da iyakar turo takardar 1099-K, mai nuna kuɗin da ya shigo maka ta manhaja, zuwa dala 20,000 da ciniki 200, sai wasu suka ɗauka abin da bai kai haka ba halal ne a yi shiru. Rashin zuwan takarda ba ya goge wajibcin.

Inda kuɗi na gaske yake a gidanka shi ne yara. Kiredit na yara ya tashi daga 2,000 zuwa 2,200 ga kowane yaro da bai kai shekara 17 ba, kuma daga yanzu zai riƙa bin tsadar rayuwa. Biyu ke nan 4,400, a zare daga 4,815 ɗin nan, saura dala 415, kafin a haɗa da na Uber. Duk abin da aka riga aka zare muku a albashi da ya haura wannan shi ne zai dawo muku. Mutanenmu suna kiransa kuɗin gwamnati, wasu har suna cin bashi a kansa tun Disamba. Yawancinsa canjinka ne, kuɗin da ka biya fiye da kima aka riƙe maka shekara guda ba ko sisi a kai.

Babban yaronka da ke Kano ba ya shiga, tunda sharaɗi ne yaro ya zauna tare da kai fiye da rabin shekara kuma yana da lambar soshal. Hajiya ma ba ta shiga ko da kai ne ke ɗauke da ita ɗari bisa ɗari, domin wanda za a rubuta a matsayin wanda kake ciyarwa sai ya zama ɗan ƙasa, ko mazaunin Amurka, ko Kanada, ko Meziko. Na san wannan yana yi wa mutanenmu ciwo. Dokar an gina ta a kan gida mai miji da mata da yara biyu, ba ta san mutum ɗaya zai iya ɗaukar bakuna goma sha biyar a wata nahiya ba. Amma kada wani ya ruɗe ka ya cusa sunan yaron, ko ya "ara" maka ɗan wani. In aka kama, bayan biyan kuɗin da tara, ana iya hana ka kiredit ɗin shekara biyu, in aka tabbatar da zamba shekara goma. Sabon abu mai zafi kuma shi ne yanzu uba ko uwa, aƙalla ɗaya, sai yana da lambar soshal. A da mai ITIN da ya haifi 'ya'yansa a nan yana karɓa. Yanzu yaron ɗan ƙasa ne, amma an rufe ƙofar saboda takardun iyayensa. In Allah ya kawo ƙaruwa tsakanin 2025 da 2028, akwai dala 1,000 da gwamnati ke zuba wa jariri ɗan ƙasa a wani asusun hannun jari da ba a taɓawa sai ya kai 18, amma sai iyaye sun nema.

Yanzu maganar turawa gida. Gaskiya ne akwai sabon haraji, ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, amma kashi ɗaya ne cikin ɗari. Da farko 5 aka nema, aka sauko 3.5, aka ƙare a 1, wataƙila waɗancan alƙaluman ne har yanzu ke yawo a WhatsApp. Kuma ba kowace turawa yake kamawa ba. Wanda ya je shago ya miƙa tsabar kuɗi, ko moni oda, ko cekin banki na kashiya, shi ne zai biya: dala 5 a kan 500, mai shagon ne zai karɓa ya miƙa wa gwamnati. In daga asusun bankinka na nan kuɗin ya fita, ko da katin banki na Amurka, ba ko sisi. Ba ruwansa da ko kai ɗan ƙasa ne ko baƙo. Kai da kake da asusu, maganinsa a wayarka yake. Wanda zai sha shi shi ne wanda bai da asusun, sabon zuwa, mai aikin da ake biya a hannu, wato wanda ya fi kowa rauni. A ganina wannan haraji ba don kuɗin aka yi shi ba, domin abin da ake sa ran zai tara wajen dala biliyan 10 ne a shekara goma, ɗigo a teku. Saƙo ne ga baƙi.

Na san abin da wasu za su ce: ai sai a koma wajen Alhajin da ake ba dala a nan, yaronsa ya biya naira a Kantin Kwari. Hanyar ta girmi wannan doka, ba kuma za ta mutu gobe ba. Sai dai ka sani gudanar da harkar tura kuɗi ba lasisi laifi ne a dokar tarayya, kuma ranar da aka rufe asusunsa kuɗinka na ciki, ba ka da rasit ba ka da kotun zuwa. Gudun dala biyar bai kai nan ba. In kuma da hannu za ka tafi da su, abin da ya haura 10,000 sai ka bayyana a filin jirgi. Ba a cajin komai a kai, ɓoyewar ce ke sa a ƙwace.

Kuɗin da kake tura wa Hajiya kyauta ce a idon doka: ba a rage maka haraji saboda ita, ita ma Amurka ba ta bin ta komai. Zakka da sadaka haka suke in kai tsaye ka aika ƙauye a gina masallaci ko a haƙa rijiya. Amma daga 2026, wanda bai jera kashe-kashensa dalla-dalla ba ma zai iya cire har 1,000, ma'aurata 2,000, na kuɗin da ya ba ƙungiyar agaji ko masallacin da Amurka ta amince da shi. Ka riƙa karɓar rasit a masallacin Juma'arku.

Abin da ba ka tambaya ba, wanda kuma ya fi ba ni tsoro ga mai girin kad, shi ne dukiyar gida. Amurka tana bin mutumenta da haraji duk inda kuɗinsa ya fito a duniya, kotun ƙoli ta tabbatar da hakan tun 1924, kuma mai girin kad yana cikin wannan igiya. Hayar gidan da ka gina a Kano kuɗin shiga ne a nan. In duk asusunka na waje, a haɗe, suka taɓa haura dala 10,000 ko da na yini ɗaya ne a shekara, har da asusun dala na bankin gida, sai ka cike takardar FBAR. Ba ta zuwa da haraji, sanarwa ce kawai, amma tararta ta fi harajin ciwo. Amurka ba ta da yarjejeniyar harajin kuɗin shiga da Najeriya, ko Nijar, ko Ghana. Abin da ke hana a ci ka sau biyu shi ne harajin da ka biya a can ana iya rage maka shi a nan, in kana da shaida.

In ka ja da baya ka dubi dokar gaba ɗaya, za ka ga wani tsari da ni dai bai kwanta mini ba. Obataim, tukuici, ƙarin didakshan na 6,000 na tsofaffi masu shekara 65, da ruwan bashin sabuwar motar da aka harhaɗa a Amurka, duk za su ƙare a ƙarshen 2028, daidai da ƙarewar wa'adin mai alkawarin. Kashi 37 na manya, da ragin kashi 20 na masu kamfanoni, da gadon da ba a taɓawa har dala miliyan 15 ga mutum ɗaya, waɗannan ba su da ranar ƙarewa. Akwai dalili na lissafi: sa wa'adi yana rage tsadar abu a takarda, ya kuma bar wa majalisa ta gaba ta ji da masu kuka. Haka aka yi a 2017, haka aka maimaita. Didakshan na harajin jiha da aka ɗaga iyakarsa daga 10,000 zuwa 40,000, wanda 'yan majalisar Republican na New York suka kafe a kai, mai gidan kansa mai albashi mai kauri yake yi wa aiki. Mai haya a Bronx ba zai ko ji ƙamshinsa ba.

Masu goyon baya suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa masu kuɗi su ne ke ɗauke da kayan tun asali: kashi ɗaya na sama sun biya wajen kashi 40 na duk harajin kuɗin shiga a 2022, don haka duk ragin da aka yi dole ya fi yawa a wajensu. Suna kuma cewa barin kamfani ya cire kuɗin injina nan take yana jawo zuba jari da aiki. Amma ofishin kasafin majalisa, wanda ba na kowace jam'iyya ba ne, ya ƙiyasta dokar za ta ƙara giɓin dala tiriliyan 3.4 a shekara goma, a ƙasar da bashinta ya riga ya haura tiriliyan 38, kuɗin ruwansa kaɗai ya zarce kasafin soja. Wani ɓangare na kuɗin an samo shi ne ta hanyar datse Medicaid, inshorar lafiya ta masu ƙaramin ƙarfi, da tallafin abinci, kuma ofishin ya ce in aka haɗa duka, kashi goma na ƙasa za su yi asarar wajen dala 1,200 a shekara, kashi goma na sama su ƙaru da sama da 13,000. Ga matsakaici irinka an ba ka 600 da hannun dama. Ka sa ido a kan hagun, musamman in inshorar lafiyarku ta kasuwar gwamnati ce, domin ƙarin tallafin da aka saba ya ƙare a ƙarshen 2025, kuma daga 2026 in ka faɗi kuɗin shiga ƙasa da gaskiya, duk rarar tallafin sai ka mayar, ba iyaka kamar da.

Ni abin da ya fi damuna a matsayin mai wannan sana'a shi ne adalci tsakanin talaka da talaka. Iyalinka tana ɗaga tsoho tana yi masa wanka, ba mai ba ta tukuici. Mai kai abinci tebur da ke samun daidai abin da take samu zai biya ƙasa da ita, shi kuma mai wanke kwanukan a bayan kicin ɗin, in tukuici bai kai gare shi ba, bai samu komai ba. Masu bincike a jami'ar Yale ma sun nuna sama da kashi ɗaya cikin uku na masu karɓar tukuici samunsu bai kai su biya harajin tarayya ba tun farko, to me didakshan zai rage musu? Da ƙarin didakshan na bai ɗaya aka yi da kuɗin, da kowa ya taɓa. Sai dai wannan ba ya daɗin faɗa a dandalin kamfe.

Hukumar tara haraji ta IRS kanta tana cikin wani hali. A 2022 an ware mata kusan dala biliyan 80 don ta gyara kwamfutocinta ta kuma bi manyan masu kaucewa, daga baya aka janye kaso mai yawa. A 2025 ta rasa wajen kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikatanta, shugabanni suka yi ta sauyawa, wanda majalisa ta tabbatar a watan Yuni, Billy Long, bai kai ƙarshen Agusta ba. An rufe Direct File, hanyar cike takarda kyauta kai tsaye da gwamnati, an kuma fara daina aika ceki ta gidan waya, don haka ka tabbata lambar asusunka daidai take. Kada ka ɗauka ƙarancin ma'aikata yana nufin ba mai dubawa. Bincikar attajiri ne ke buƙatar ƙwararru da shekaru. Kai kwamfuta ce ke gwada W-2 ɗinka da abin da ka rubuta, ita kuwa ba a sallame ta ba. A Afrilun 2025 kuma hukumar ta ƙulla yarjejeniyar ba jami'an shige da fice bayanan wasu masu biyan haraji, abin da ya sa shugabar riƙo ta lokacin ta ajiye aiki, aka kuma kai maganar kotu. Tun 1976 doka ta killace sirrin takardar haraji, kuma a kan wannan amana ne marasa takardu suka yi shekaru suna biya da ITIN. Wanda ke cikin wannan hali ya ga lauyan shige da fice kafin ya yanke shawara, ba mai cike takarda kaɗai ba.

Kai kuwa da kake kan hanyar zama ɗan ƙasa, takardun harajinka suna cikin abin da za a duba, fom ɗin neman ma yana tambaya ko ana bin ka haraji. Wani bawan Allah ya taɓa zuwa mini da takardun shekara uku da wani mai shago ya cike masa. Ya samo masa "canji" mai tsoka ta hanyar ƙirƙiro masa asarar kasuwancin da bai taɓa yi ba, ya yanki kasonsa, bai sa hannu a ko ɗaya ba. Da wasiƙa ta zo shagon ya zama wurin gyaran waya. Shekara biyu muka yi muna warwara. Duk wanda zai cike maka da kuɗi dole ya sa sunansa da lambarsa ta PTIN, ta rajistar masu cike takarda, a ƙasan takardar, kuma wanda ya ce ladansa kaso ne na abin da ya samo maka, tashi ka ba shi wuri. Masu ƙaramin samu akwai shirin VITA da ke cikewa kyauta a dakunan karatu da cibiyoyin unguwa, kodayake naku samun ya ɗan haura iyakarsu.

Ranar 15 ga Afrilu ce wa'adi. Ana iya ɗaga cikewa zuwa 15 ga Oktoba, amma ba a ɗaga biya. In kuɗin ne babu, ka cike a kan lokaci ka nemi biya kaɗan-kaɗan, domin tarar rashin cikewa kashi 5 ce a wata, ta rashin biya rabin kashi ɗaya. Ranar da za ka je wajen mai cike maka, ka riƙe W-2 naka da na iyalinka, takardar albashi ta ƙarshen Disamba, bayanin shekara na Uber tare da littafin mil, katin soshal na yaran biyu, da bayanin asusunka na gida ko da kana ganin bai kai dubu goman ba, a lissafa a gani. A gai da Hajiya in an yi waya.